Shahadar Zinariya a Injin Malam Sodangi

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar Safana da hantsi ya san ƙarar injin Malam Sodangi, ko da bai san mai shi ba. Ƙara ce marar hayaniya, cakas, cakas, kamar ta masaƙi a kan aikinsa. Shagon ɗan ƙarami ne, a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya kuma ta shiga zaure. A tsallaken titi akwai shagon Jinjiri tela, wanda yake taubashi ne ga Sodangi, kuma tun suna yara ba a taɓa jin sun yi magana uku ba tare da tsokana ba.

A cikin shagon akwai baƙin inji na ƙarfe da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, sai dai shi ƙarti takwas suka sauke shi daga mota. Akwai kuma wata doguwar durowa mai aljihu ashirin da huɗu. Kowane aljihu an raba shi gida-gida, kowane gida da harafinsa na dalma, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar ɗan yatsa. Da su yake aiki. Zai tsinto harafi ɗaya-ɗaya ya jera a ɗan ƙarfen da yake riƙewa a hagu, har layi ya cika, ya ɗaure shi tam a cikin firam, ya ɗora a inji, ya shafa tawada, ya sa takarda, ya taka. Haruffan nan sun girme shi, da yawansu ma an zuba su tun ba a haifi mahaifinsa ba.

A Yasore aka haife shi, gidan noma. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi ta haihuwa ba sa zama, shi ne ya fara tsayawa, dangi suka yi ta nan-nan da shi har sunan Sodangi ya danne na yanka. Yana ɗan shekara goma sha bakwai wani kawunsa mai fataucin gero ya tafi da shi Kaduna, ya sama masa aikin shara a wata maɗaba'a. Can wani dattijo mutumin Zariya, Malam Muntasir, ya lura yaron nan in ya tsinci harafi a ƙasa ba ya sharewa, sai ya goge shi da bakin riga ya tsaya yana juya shi. Sai ya jawo shi jiki. Shi ya koya masa karanta dalma, wadda ake karantawa a kife kuma a juye, shi ya koya masa sanin gidan kowane harafi har hannu ya riƙa zuwa da kansa ido na wani wuri.

Malam Muntasir yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa ga kowa. Ba a ɗora aiki a inji sai wanda ya jera shi ya karanta shi da bakinsa, da ƙarfi, daga jikin dalmar, wani kuma na riƙe da takardar mai aiki yana bi. Ya ce mai jeri in ya duba da ido kawai, abin da ke ransa yake gani, ba abin da hannunsa ya ajiye ba. Sau ɗaya Sodangi ya yi gaggawa ya tsallake dokar nan, aka buga sanarwa ɗari biyar babu layin da ya faɗi ranar taro. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya dai sa shi ya ɗauki tulin takardun a ka ya kai wa mai su da ƙafa, ya yi bayani da bakinsa. Tun daga ranar, shekara hamsin ke nan, ko kalma ɗaya ce bai sake bugawa ba sai ya furta ta.

Da maɗaba'ar ta sayo sababbin injina, aka ce za a ba masu narka dalma tsofaffin haruffan. Sodangi ya roƙa a bar masa su da ƙaramin injin, aka bar masa, ya sako su a motar hatsi mai komawa gida wayam. A Safana ya sauka, don a lokacin iyalinsa na can. Ya yi shekaru yana buga katin biki da na suna da takardun makarantu, har shagunan kwamfuta suka zo. Sai aiki ya ɗauke cak. Ya lulluɓe injin da tsohuwar tabarma ya koma gonar gyaɗa, amma duk Juma'a da safe sai ya yaye tabarmar ya ɗiga masa mai. Jinjiri ya ce ko tunkiya ce ake yi wa hidimar nan da ta haifa masa garke.

Mahbuba ce ta sake tayar da injin. Ɗiyar ƙanensa ce, ta yi karatu a Katsina, ta dawo tana koyarwa. Wata rana ta zo da wata takarda mai kauri da laushi kamar an daka auduga, ta ce ya buga mata katin walimar ƙawarta. Ya buga mata yadda aka koya masa, harafi ya taɓa takarda kawai ya tashi, in ka shafa ba ka jin komai. Ta duba ta yamutsa fuska.

"Baba, ka ƙara danna shi. So nake ya lotsa, a riƙa jin sa da yatsa."

"Ya lotsa? Ke, a inda na koyi aiki, wanda takardarsa ta lotsa sai ya wuni bai ɗaga ido ba."

"Yanzu shi ake so, Baba. Kwamfuta ba ta iya shi."

Maganar nan ta ƙarshe ce ta shige shi. Ya ƙara shimfiɗa a bayan takarda, ya taka, yana taka yana ba haruffansa haƙuri a ransa. Mahbuba ta ɗauki hoton katin ta sa a waya. Kafin damina ta fita, ana aiko masa da aiki daga Katsina da Kano, har da Abuja, mutane na cewa wai aikin hannu ne, wai fasaha ce. Har yau yana mamakin yadda abin da aka riƙa yi masa tsawa a kai ya zama abin yabo. Ya dai ware haruffan da suka fi tsufa ya ce su kam ba za a danna su ba, ko wane ne ya aiko. Mahbuba kuma ita ta zama mai riƙe masa takarda in zai karanta.

To, a cikin gida akwai matarsa, shekararsu arba'in da huɗu tare. Kowa a unguwa Zinariya yake ce mata, kuma shi ya raɗa mata sunan tun tana amarya. Dalili kuwa sunanta na yanka Safiyya, sunan mahaifiyarsa ke nan, wanda bai taɓa bin bakinsa ba tun da ya yi wayo. Mahaifinta kuma Malam Tayyib na Darini surukinsa ne, shi ma sai dai ya ce "Baba na Darini". Haka aka tashe su, kuma bai taɓa jin abin ya takura shi ba.

Zinariya ba ta yi makaranta tana yarinya ba, ban da 'yan surorin salla. Sai da ta aurar da autarta, ta ga hannunta ya yi sauƙi, sannan ta ɗauki jaka ta shiga Islamiyyar matan aure ta Malama Ramlat. Shekara bakwai tana zuwa, ran Asabar zuwa Laraba, bayan azahar. Ta sha fama. Akwai surar da ta yi wata biyu a kanta har ta ce ita kam ƙwaƙwalwarta ta zama rariya. Da idonta ya fara gajiya Sodangi ya kai ta Batsari aka yanka mata tabarau. Cikin ikon Allah, tana da shekara sittin da uku ta kai ƙarshen izu sittin, ita da mata ashirin da biyu. Aka sa ranar sauka, wata Asabar, Malama Ramlat kuma ta ce shahadar ɗalibanta ba za a buga ta ko'ina ba sai a injin Malam Sodangi.

Ya karɓi aikin da murna. Ya fara buga jikin shahadar duka, da sunan makaranta da bayanin sauka, ya bar fili a tsakiya. Sunaye kuwa sai ɗaya bayan ɗaya, kowace mace a jera nata, a karanta, a buga, a warware, a jera na gaba. Ran Alhamis da safe suka zauna da Mahbuba, tana riƙe da jerin sunayen da Malama ta aiko. Yana karantawa tana cewa "daidai", yana takawa. Suka yi ashirin da biyu lafiya lau. Ya ajiye ta matarsa a ƙarshe, ya buɗe wani aljihu da ya daɗe bai taɓa ba, ya ciro 'yan furannin dalma ya kewaye layin da su. Sannan ya gyara murya.

"Zinariya Sodangi."

Mahbuba ta dubi takarda, ta dube shi. "Baba, ba haka aka rubuta ba."

"Me aka rubuta?"

Ta buɗe baki ta rufe, don ita ma sunan kakarta ne. "An rubuta mai sunan Inna. Da sunan Baba na Darini."

"To, ai ita ɗin na sa. Akwai wata Zinariya a garin nan?"

Sai ya taka. Shahadar ta fito ta fi duk sauran kyau, shi kansa ya tsaya yana kallonta. Bayan la'asar ya shiga da ita cikin gida riƙe da hannu biyu. Ya tarar da Zinariya a tsakar gida tana tsince shinkafar walima. Ta wanke hannu, ta goge, ta sa tabarau, ta karɓa. Ta daɗe tana shafa furannin. Da yake boko ba ta iya shi ba, sai ta ce ya karanta mata. Ya karanta, yana jiran ya ga haƙoranta.

"Malam, wace ce wannan?"

"Kamar yaya wace ce? Ke ce mana."

"A'a. Zinariya tuwo take tuƙawa a gidan nan. Wadda ta je makaranta, sunan da aka yanka mata rago da shi ta ba Malama, da na ubanta. Shi ake kira a rajista kullum, shi nake amsawa."

"Haba, ke kuwa. Wa ya san ki da shi? Ko ƙawayenki..."

"Allah ya san ni da shi. Mahaifina ya rasu yana cewa cikin ɗiyansa mata ba wadda ta sauke. Ina so sunansa ya hau takardar nan." Ta miƙa masa a hankali, ba fushi a fuskarta. "Ta yi kyau, Allah ya saka da alheri. Amma in aka kira wannan ran Asabar, zama na zan yi, ba zan tashi ba."

Ya san ta. Ba ta da yawan magana, amma abin da ta faɗa ba ta janyewa. Ya koma shago ya ƙirga abin da ya rage na jikin shahada, ya ga guda ɗaya tak. Takardar kuwa daga Katsina ake kawo ta, ba za ta iso kafin Asabar ba. Mahbuba kuma ta riga ta hau mota zuwa Batsari wajen bikin suna, sai ranar saukar za ta dawo.

Ran Juma'a da safe ya jera sunan. Wannan bai ba shi wahala ba, yatsu ba su san kunya ba, cikin ɗan lokaci kalmomin biyu suka kwanta a firam da furanninsu. Daga nan ne aiki ya tsaya. Ya goge injin da ba shi da datti. Ya dama tawada, ya sake damawa. Ya zauna ya tashi. Jinjiri da ya ji shiru har hantsi ya tsallako da awo a wuya.

"Lafiya, tsoho? Ko injin ya riga ka?"

Sodangi ya faɗa masa. Jinjiri ya yi dariya har sai da ya dafa durowa.

"Wannan ne ya hana ka aiki? Taka abinka mana! Wa zai kai ƙararka, mutumin Zariya da ya shekara ashirin a ƙasa?"

"Takarda ɗaya ta rage. In na buga akwai kuskure fa?"

"To kawo ni in faɗa maka sunan. Ni ba uwata ba ce, gwaggona ce, kuma ta sha dukana."

"Ka iya karanta dalma?"

Jinjiri ya leƙa firam ɗin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. "Wannan ai sawun kaji ne. To ka faɗa, in ka zo tsakiya sai ka yi tari."

"Tari ba karatu ba ne."

"Gwada dai in ji."

Sodangi ya dubi ƙofa, ya sunkuya kan firam. "Sa..." Sai ya miƙe yana goge wuya da hula. Jinjiri ya fita yana riƙe da ciki, yana cewa shi zai je ya ɗinka masa majanyi, tun da har yanzu goyo ne.

Ya tafi masallacin Juma'a da abin a ransa. Ya san a addini ba laifi ba ne mutum ya ambaci sunan mahaifiyarsa, ya sha jin malamai na faɗa. Amma sanin bai sauko masa har harshe ba. In ya tuna sunan, sai ya ga Inna zaune a bakin murhu a Yasore, ya ji kamar zai tsaya a kanta ne yana kiran ta kamar sa'arsa. A hanyar dawowa har ya yanke shawarar ya rufe ido ya taka kawai, sau ɗaya a shekara hamsin. Da ya zo ya ɗora ƙafa a kan matakin injin, ƙafar ta ƙi.

Yana nan tsaye sai ya ji motsi ta ƙofar zaure. Zinariya ce, da mayafinta da tabarau, riƙe da wata 'yar takarda. Rabonta da shiga shagon tun ranar da aka sauke injin. Ta yi sallama, ta share kujerar Mahbuba da gefen mayafi, ta zauna.

"Tun safe ban ji ƙarar injin ba, na san inda ka maƙale. Na aika Malama ta rubuto mini da ajami, harafin da na iya. Ai ka ce sai da mai riƙe takarda. Ga ni. Karanta, ina bi."

"Zinariya, ki bari mana in..."

"Shinkafa na jira na, Malam."

Ya dubi titi. Keken Jinjiri na ta sururu, ba kowa a bakin ƙofa. Ya jawo firam ɗin gabansa, ya ɗora yatsa a kan harafin farko. Ya ce, "Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta." Ta ce amin. Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba na Darini." Ta ce amin, idonta na kan takarda, yatsarta a farkon layi kamar yadda take yi a makaranta. Ya ja numfashi.

"Safiyya."

"Na'am."

Ba ta yi niyya ba. Bakinta ne ya riga ta, yadda ya saba a gaban Malama. Suka dubi juna. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, tabarau na zamewa. Shi kuwa dattijo mai furfura ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya mayar da shi kan dalma.

"Ba kiran ki na yi ba, aiki nake."

"Na sani. Ci gaba."

"Tayyib."

Ta bi da yatsa har ƙarshe, ta ɗago. "Daidai."

A lokacin ne suka lura keken tsallaken titi ya yi shiru. Sai ga muryar Jinjiri ta taga: "Ni dai ban ji komai ba! Zare nake sawa a allura!"

Zinariya ta tashi da sauri za ta shige gida, Sodangi ya ce ta tsaya ta gani. Ya ɗora firam, ya daidaita takardar nan guda ɗaya, ya yi bisimilla, ya taka. Ya zaro ta ya riƙe ta gefe-gefe don tawada ba ta bushe ba. Ta matso ta duba. Ta tambaye shi ina nata ya ƙare, ina na mahaifinta ya fara, ya nuna mata da tsinke. Ta daɗe tana kallon na biyun, sannan ta ce Alhamdu lillahi, ta koma ga shinkafarta.

Ran Asabar aka cika filin makaranta, mata a ciki ƙarƙashin rumfa, maza a waje kan tabarmi a gindin dalbejiya. Aka yi karatu, aka yi addu'a, Malama Ramlat ta fara kiran sunaye a lasifika. Da ta ce "Safiyya Tayyib", matan unguwa da suka zo taya murna suka shiga waige-waige, ana tambayar ko baƙuwa ce daga wani gari. Sai ga Zinariya ta dafa gwiwa ta miƙe cikin farin hijabi, ta taka a hankali har gaba. Guɗa ta tashi. Wata tsohuwa 'yar Darini da ta san mahaifinta ta fashe da kuka tana dariya.

A waje Jinjiri ya zunguri Sodangi da gwiwar hannu. "Wa aka kira? Kunnena ya yi nauyi, maimaita mini."

Sodangi ya karɓi ƙullin shinkafa da aka miƙo, ya ɗora masa a cinya. "Ci, bakinka ya samu abin yi."

Da yamma gida ya cika da 'ya'ya da jikoki, shahadar na yawo hannu zuwa hannu, Zinariya na bin ta da ido tana cewa a wanke hannu tukuna. Wata jikarta mai shekara tara ta haɗa haruffan da ƙyar, ta ɗago tana mamaki, ta ce ashe Kaka tana da wani suna, me ya sa ba a kiran ta da shi? Kowa ya shiga satar kallon maigida. Zinariya ta karɓi takardarta ta sa a cikin jakar Alƙur'aninta.

"Ana kira," in ji ta. "Jiya ma an kira."